Ranar da Aka Naɗa Ni Mai Cin Abincin Kwamiti

Abubuwa da yawa sun fita daga raina cikin shekarun da na yi ina aiki a lakol ɗin nan, wato makarantarmu, amma ban da ranar da Direkta ya kira ni ofishinsa ya ba ni aikin cin abinci. Ku sababbin malamai kuna jin ana ce mini Inna Kwamiti, kuna dariya idan na juya baya. Ina ganinku. To ku ji inda sunan ya fito daga bakina, don masu ba ku labarin a ƙarƙashin bishiya suna rage wani wuri su ƙara wani.

Sunana Hajo. Ban taɓa zama a benci ba, ko na boko ko na yaƙi da jahilci. Aikina shara, tsaron ƙofa, da buga ƙarfen shiga aji. Duk abin da zai shiga lakol ɗin nan, mutum ne ko kwano, ta gabana yake wucewa.

Ga wanda bai san tsarinmu ba: lakol ɗinmu ta kuɗi ce, kolej da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, a gida ɗaya. Mai lakol ya yi wata al'ada, duk shekara ana ware kujeru biyar a ajin farko na lise, waɗanda suka same su su yi karatu kyauta har su gama. Matsalar ita ce sakamakon brebe, wato jarrabawar gama kolej, ba ya fitowa sai damina ta kankama, malamai sun watse, iyaye kuma suna son sanin inda za su kai 'ya'yansu tun da wuri. Shi ya sa ba a jiran sakamako. A watan Mayu malamai ke zama taron da suke kira konsai, su faɗi makin da suke jin kowane yaro zai samu bisa ashirin. Wannan shi ne makin hasashe. Biyar na sama su ɗauki kujerun.

Ga yaran aji abin ba wuya, malami ya shekara yana kallonsu. Amma a shekarar da nake ba ku labari, yara biyu da suka yi karatu a gida suka nemi a sa su cikin lissafi. Irinsu ake ce wa kandida libir, za su zauna brebe amma ba su da aji, ba su da malamin da ya san su. Ɗaya Sani, ɗan wani Alhaji mai shagon yadi a unguwar Wadata, wanda ubansa ya ɗaukar masa malamai suna zuwa gida don kada ya yi abokan banza. Ɗayar Lidiya, ɗiyar wata ma'aikaciyar asibiti, mutanen Dogon Dutsi ne da ke zaune a unguwar Gudel. Amosanin jini ya hana ta zaman aji tun tana ƙarama, uwarta ce ke koya mata idan ta taso aiki. Jikin ya yi sauƙi, likita ya ce za ta iya shiga cikin yara.

Uwar ta tsaya a ƙofata ranar da ta kawo takardu, da fararen kayan aikinta. Ta ce, "Inna, abin da na sani na koya mata ya ƙare. Kuɗin lise kuma ba ni da su. In ba ta samu kujerar nan ba, karatun ya tsaya nan." Na ce mata ni ƙofa nake tsaro, ba kujera ba. Ta ce ta sani, kawai dai ta faɗa wa wani ne.

Aka yi konsai na farko ina share baranda. Wani malami ya ce a ba kowannensu goma, goma ba ta taɓa cutar kowa ba. Wani ya ce a duba hotunansu, shi yana gane mai ƙoƙari ta goshi. Direkta ya buga tebur ya ce tunda a gida suka yi karatu, a gida za a auna su. Ya naɗa kwamitin mutum biyu: Mushe Idi mai lissafi, wato Malam Idi da bakin Faransanci, da Madam Saratu mai Faransanci, 'yar Maraɗi. Su je gidan kowane yaro, su yi masa tambayoyi, su haɗa baki su kawo maki ɗaya.

Suka fara da Wadata. Sun fita da hantsi, ba su dawo ba sai bayan la'asar. Ni na buɗe musu ƙofa. Mushe Idi ya kwance belet ɗinsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Suka miƙa wa Direkta takarda, Sani sha takwas bisa ashirin. A tarihin lakol ɗin nan ba a taɓa yi wa kowa hasashen sha takwas ba.

Direkta ya ce, "Me kuka tambaye shi?"

Madam Saratu ta dubi ƙasa. Ta ce, "Mun tambaye shi sunansa."

"Ya amsa daidai," in ji Mushe Idi.

"Sai kuma me?"

"Sai aka kawo rago."

Direkta ya ce su sake makin. Madam Saratu ta ce, "Mushe Direkta, ka yi haƙuri. Uwar yaron da kanta ta zuba mini miya, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Na ɗauki bik zan rubuta goma hannuna ya ƙi. An ci gishirin mutum, da wane baki za a ce ɗansa daƙiƙi ne?"

Direkta ya kafa doka nan take: ɗan kwamiti ba ya cin komai a gidan yaro, wanda ya ci makinsa ya faɗi. Mushe Idi ya ce to sai dai kada a je, don babu gidan mutunci a Yamai da za ka shiga a ajiye maka kwano ka ƙi taɓawa a ci gaba da magana da kai. Wannan gaskiya ce, Direkta ma ya san gaskiya ce. Ya kwana yana tunani. Da safe ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Inna, ke ba kya ba da maki ko?"

Na ce, "Ba na bayarwa."

Ya ce, "To daga yau kina cikin kwamiti. Duk abin da aka ajiye musu, ke za ki ci da sunansu. Gida ya samu mutuncinsa, malamai su samu bakinsu. Ranar Alhamis za ku koma Wadata, daga nan ku wuce Gudel, rana ɗaya, don kada tambayoyi su riga ku isa. Juma'a da safe konsai na ƙarshe, wanda ba shi da maki a lokacin ya fita. Kuma ki sa musu ido. Kada su sa komai a baki har ku dawo."

Ni idan an ba ni aiki ba na tambayar ko yana da hankali. Na ce to.

Ranar Alhamis na ɗaura zanena na biki muka shiga taksi. Mushe Idi bai karya ba. A taksi ya faɗa mini, wai ya san dokar ba za ta wuce ƙofar Alhaji ba. Na ce masa za mu gani.

Alhaji ya ji kwamiti zai dawo, ya ɗauka abincin farko ne bai isa ba. Abin da muka tarar a falonsa, ko sunan ɗan fari ba a yin haka. Shinkafa, kaji, dambu da zogale, farfesun kai, fura a ƙwarya mai sanyi. Madam Saratu ta yi masa bayanin doka. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wannan baiwar Allah ce za ta ci na mutum uku?"

Na ce, "Alhaji, a kawo ruwan wanke hannu."

Na zauna na fara, ba gaggawa, ba magana. Aiki ne. Malamai suka zaunar da Sani a gefe suna tambayarsa, amma idon Mushe Idi yana kan cinyar kazar da ke hannuna. Duk loma ɗaya da na kai, tambayarsa sai ta ƙara tsanani. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, na ji yana amsawa, wani wuri ya tsaya wani wuri ya wuce. Amma da na fasa kan ragon nan, Mushe Idi ya tambaye shi wani abu da Madam Saratu ta ce a hankali, "Mushe, wannan ai na jami'a ne." Ya ce, "Ya kamata ya sani." Suka rubuta bakwai.

Muna fitowa Mushe Idi ya nufi mai tsire a bakin titi. Na riƙe masa hannun riga. Ya ce, "Inna, wannan ai ba gidan yaro ba ne." Na ce teburin mai tsiren yana jingine da bangon shagon Alhaji, ban san tsakaninsu ba, kuma Direkta cewa ya yi har mu dawo. Madam Saratu ta ciro wani biskit daga jaka, na miƙa hannu, ta ba ni. Ban ci ba. Babu wurin sa shi.

A nan ne na gane kuskuren tsarin. An lissafa mutuncin gida, an lissafa bakin malamai, ba wanda ya lissafa cewa cikina ɗaya ne.

Mun isa Gudel rana ta take. Gidan ƙarami ne, kusa da lambuna, kana jin iskar kogi. Uwar Lidiya tana wurin aiki, kakarta ce ta tarbe mu, wata tsohuwa siririya da tabarau ɗaure da zare. Lidiya na zaune kan tabarma da littattafanta a jere, ta sa kayan zuwa coci. Kaka ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ta fito da faranti. Kifi ne, na kogi, wanda aka kamo da safen nan, soyayye, da yaji da albasa, ga tuwon masara a gefe. Ban san abin da suka hana kansu ba kafin su sayi kifin nan, amma na san ba abincin kowace rana ba ne a gidan.

Madam Saratu ta sake bayanin doka. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta da matsala da dokar lakol, kowane gida da tsarinsa. Ta yi addu'a a kan abincin, ta tura farantin gabana.

Na dubi kifi, kifi ya dube ni. Na ce, "Yaya, a bari ya ɗan huce."

Kaka ta ce, "Ya huce. Lidiya, tashi ki shiga ɗaki."

Madam Saratu ta ce, "Mama, ai tambayoyi za mu yi mata."

Kaka ta ce, "Ɗiyata, a gidan nan baƙo ba ya tambayar kowa komai da yunwa. Ku kun ce an hana ku, na yarda. Wannan an aiko ta ta ci. Mun ji a gidan Alhaji ba ta bar ko ƙashi ba. In namu ne bai kai a ci ba, ku faɗa mini, ku tafi da tambayoyinku."

Yadda labarin ya riga taksi isa Gudel, har yau ban sani ba.

Madam Saratu ta matso ta raɗa mini, "Inna, in ba a yi yau ba, gobe ba ta da maki." Na sani. Na tuna uwar tsaye a ƙofata. Na juya baya na sassauta zane, na yi bisimilla, na gutsuri kifi. Kaka ta ce, "Lidiya, fito."

Haka aka yi jarrabawar nan. Muddin hannuna na zuwa baki, ana tambaya ana amsawa. Da na tsaya in ja numfashi, sai Kaka ta ce, "Lidiya," yarinya ta fara tattara littattafai, ni kuma in yi sauri in kai loma. Na koyi cin kifi mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa. Na tsotsi ƙaya ɗaya har ta yi fari. Kaka ta ce tsotsa ba ci ba ne. Gumi ya jiƙa mini kallabi. A rayuwata na yi daka, na yi ɗaukar ruwa daga rijiya mai nisa, na haifi 'ya'ya, ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba.

Yarinyar tana amsawa da 'yar muryarta, ba ta rawa. Ni ban san daidai da kuskure ba, amma na san fuskar malami idan yana neman inda zai kama yaro bai samu ba. Mushe Idi yana tambaya yana haɗiyar yawu, ƙamshin yaji ya cika tsakar gida. Da suka gama ya ce sha ɗaya. Madam Saratu ta ce, "Mushe, ko sha biyu?" Ya ce, "Sha ɗaya. Kuma mu tafi." Suka rubuta.

Saura rabin faranti. Kaka ta ce ba a tashi a bar abinci haka. Na ce, "Yaya, ko za ki kashe ni, ba wuri." Na jingina da bango na rufe ido, don in ba cikina haƙuri. Ba barci na yi ba, duk wanda ya ce muku barci na yi ƙarya yake. Da na buɗe ido, Mushe Idi na riƙe da kan kifi da hannu biyu. Madam Saratu ta juya wa kowa baya, kafaɗarta na motsi. Kaka na zuba musu ruwa, tana cewa, "A hankali, 'ya'yana, akwai ƙaya."

Na ce, "Mushe Idi."

Ya ce, "Inna, hannuna ne ya je, ban aike shi ba."

Da suka share farantin, Mushe Idi ya wanke hannu, ya jawo takardar da Lidiya ta yi lissafi a kai ya sake dubawa. Ya ce ashe nan ma daidai ta yi, hanyar ce ba irin tasa ba. Madam Saratu ta ce ita dama tun ɗazu ta ga Faransancin yarinyar ya fi na 'yan ajinta tsabta. Suka soke sha ɗaya suka rubuta sha shida. A taksi suka roƙe ni in yi shiru. Na ce an ce in sa ido, na sa, abin da ido ya gani kuma na mai aike ne.

Juma'a da safe na faɗa wa Direkta komai, har biskit ɗin na ajiye masa a tebur. Aka shiga konsai. Ni ina bakin ƙofa kan kujera, don tsayuwa ta gagare ni. Direkta ya ce doka doka ce: kwamiti ya ci a Gudel, makin Lidiya ya faɗi gaba ɗaya, ba ta cikin lissafi. Kujera ta biyar ta wani yaron ajinmu ce mai sha uku. Madam Saratu ta ce wannan zalunci ne, yarinya ba ita ta ci kifi ba. Direkta ya miƙe tsaye ya fara jawabi a kan amana, yana cewa malamin da ya ci abincin gidan ɗalibi ya sayar da alƙalaminsa.

Yana cikin wannan aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Na ja jiki na je. Kwanon Direkta ne. Kowace Juma'a uwar wani ɗalibi tana aiko masa da waina da miyar taushe, tun farkon shekara, kuma umarnin da ya ba ni shi ne in kai masa duk inda yake tun da zafinta. Na ɗauka na shiga na ajiye a gabansa kamar kullum. Na faɗi abin da nake faɗa kullum: daga gidan su wane, tana gaisuwa. Wanen nan kuwa shi ne yaron mai sha uku.

Ƙamshin waina ya zagaya ɗakin. Direkta ya dubi kwano, ya dubi malamai, malamai suka dubi silin, don babu ɗayansu da ba a taɓa aiko wa naman Salla ko shinkafar Kirsimeti daga gidan ɗalibi ba.

Ya ce a hankali, "Inna, ɗauki ki ci."

Na ce, "Mushe Direkta, aikin da ka ba ni na Alhamis ne. Yau Juma'a."

Ya zauna. Sannan ya ce wa Mushe Idi, tunda kowane yaro cikin biyun yana da maki biyu, na yunwa da na ƙoshi, a haɗa a raba biyu. Mushe Idi ya tashi ya yi a allo. Sani, sha takwas da bakwai, ya tashi sha biyu da rabi. Lidiya, sha ɗaya da sha shida, sha uku da rabi. Ta wuce mai sha uku da rabin maki. Wani malami ya ce wannan ba ilimi ba ne. Direkta ya ce ya kawo wanda ya fi shi kafin a tashi. Bai kawo ba. Aka rubuta sunan Lidiya a kujera ta biyar.

Alhaji ya biya wa Sani, dama ba kuɗin ne suka dame shi ba, so yake a ce ɗansa ya ci. Yaron mai sha uku wani kawunsa ya ɗauki nauyinsa, wainar Juma'a kuma ba ta sake zuwa ba. Da aka dawo daga hutu Lidiya ta shigo ta ƙofata da sabuwar riga, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta tashi ta wuce, an kusa buga ƙarfe, kuma a nan ba a makara.

Abin da na gani a aikinku ke nan, ku malamai. Kuna cewa maki daga kai yake fitowa. Na yarda, amma ta ciki yake biyowa. Yaron aji ya ga malaminsa da yunwa, ya gan shi da ƙoshi, ya gan shi ranar da aka yi albashi da ranar da matarsa ta yi yaji, shekara ta daidaita masa komai. Yaron gida sau ɗaya ake ganinsa, duk yadda ya tarar da ku haka zai kwasa. Saboda haka in an aike ku auna ɗan wani, kada ku je da yunwa, kada kuma ku je da niyyar ƙoshi. Ku ci abinci tukuna, a gidanku, da kuɗinku. Ni na tsufa, ba zan sake ci wa kowa ba.